Matsi Uku na Baba

Shafi na 31

Ni na fara gani. Kafin kyamarorin da aka rataya a kowace kwana, kafin kwamitin bincike da tulin takardunsa, kafin shi kansa mai hannun ya san abin da hannunsa ya yi. Ni ke riƙe da tukunyar kashe gobara a bakin garejinmu duk sanda babur ya shigo canjin taya, kuma mai wannan aiki ba abin da yake yi sai kallo. Na faɗa tun a ranar. Aka ce ku rabu da tsoho, sau goma sha ɗaya ya faɗo daga babur, akwai ƙarfe a kansa. Ƙarfen yana nan, ban musa ba. Amma waɗanda muka yi tsere da su duk suna ƙarƙashin ƙasa, ni ina samanta, kuma ban taɓa zama a aji ba balle a koya mini ganin abin da babu.

To, masu cika mini waya da saƙo, ga shi. Mu koma wurin Baba.

Ranar Laraba aka sauke kaya a filin tseren ƙarshe. Tsere goma sha biyu ne a kakar bana, sha ɗaya sun wuce, saura na Lahadi. Masu motoci suka kame garejin farko-farko kamar kullum, masu babura aka tura su ƙasa, mu kuma da yake ƙaramar ƙungiya ce aka ba mu na can ƙurya, dab da mafita. Ko wane fili muka je nan ne wurinmu.

Baba ya shigo ƙarfe shida da rabi. Shi ne babban bakaniken ƙungiyar, shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, kuma kowa Baba yake ce masa, har direbobin motoci masu furfura. Amma mutum biyu ne kaɗai suka gaji kiran. Akwai 'yarsa ta fari, mai zama gaban kwamfuta tana karanta abin da babur ya yi a kowane zagaye. Akwai kuma Auta, mai hawan babur lamba sha tara, wanda yau sati biyar ke nan yana kwance a asibiti, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Ya buɗe akwatin sifanu. Ya jera su daga ƙarama zuwa babba. Ya goge ta goma, ya goge ta sha biyu, ya koma ya sake goge ta goma. Wani ya miƙo masa shayi ya sha. Aka tambaye shi ko sukari ya ji, ya ce ya ji. Ba a sa ba.

Mai ƙungiya ya leƙo da waya a hannu yana lissafin maki. Ya ce abin mamaki, duk da Auta bai ƙarasa tsere na goma ba, bai kuma hau na sha ɗaya ba, har yanzu shi ke gaba da maki huɗu. In wanda ke bin sa bai kai ƙarshe ba ranar Lahadi, kofi har gadon asibiti za a kai shi. Ya faɗa ya tsaya yana jiran fuskar Baba ta yi wani abu.

Baba ya ce to. Ya tambaya ko an sauke man birki.

Mai ƙungiya ya juya zai fita, ya tuna masa cewa kwamiti zai zauna ƙarfe biyu yau, kuma wannan karon ba za su ƙara ɗaga masa ƙafa ba. Ya ce ya zo da takardar, da sa hannu.

Takardar tana aljihun gaban rigarsa tun sati huɗu, an ninke ta gida huɗu, ta yi laushi kamar tsumma. Layi ɗaya ne a cikinta mai muhimmanci: na tabbatar an matsa birkin gaba kafin a saki babur. Ƙasan layin akwai fili na sa hannu.

Bari in yi wa waɗanda ba su taɓa riƙe sifana ba bayani. In aka cire tayar gaba, takalman birki suna buɗewa, kuma ko an mayar da sabuwa ba sa komawa da kansu. Sai an matsa mariƙin birkin sau uku. Na farko ya tafi lakwaf har jikin kan babur. Na biyu ya ɗan ciza. Na uku ya yi tauri. Sannan ne akwai birki. In ba a yi ba, mahayi zai fita da gudunsa, ya zo kwana, ya matsa, ya kama iska.

A kowace ƙungiya bakanike ke matsawa, sannan mahayi ya sake gwadawa da yatsunsa kafin ya tashi. Ban da garejin Baba. Auta yana shekara goma sha huɗu, ran da aka fara ɗora shi a ƙaramin babur, Baba ya matsa sau uku ya ja da baya, sai yaron ya kai yatsu zai gwada. Baba ya make hannun a gaban jama'a. Ya ce masa aikinka yana gaba, nawa yana nan, kuma duk ran da ka duba aikina ka nemi wani bakanike, ka haɗa da wani uban. Shekara goma sha ɗaya yaron bai sake kai hannu ba. Har yaba musu ake yi, wai rabin sakan suke ci da wannan a kowane canji.

A tsere na goma ruwa ya sauko ana tsakiyar gudu. Auta ya shigo a sa masa tayar ruwa. Dogo, mai canjin tayarmu, ya durƙusa ya sa ta gaba, wani ya sa ta baya, Baba ya daki bayan kujera, babur ya tashi. Daga bakin garejinmu zuwa kwanar farko sakan bakwai ne. Da ya kai kwanar bai sha ta ba, miƙewa ya yi.

Gaban babur ɗin ya dagargaje, ba abin da za a duba. Kwamiti ya ce ɗayan biyu ne: ko ba a matsa ba, ko kuwa an matsa amma tayar ta zauna a karkace ta ture takalmin birki. Ba wanda ya ɓata lokaci kan na farko. Baba ne fa. Sai aka karɓe katin shigar Dogo. In Baba ya sa hannu yau, an soke lasisin Dogo har abada.

Baba bai sa ba, bai kuma ce ba zai sa ba. Gaskiyar magana bai tuna. Yana tuna ruwan, yana tuna ƙarar abin kwance noti, yana tuna tafinsa a bayan kujera. Tsakani kuwa rami ne, kamar gurbin haƙorin da aka cire, yana kai harshe yana jin babu.

"Baba, zo ka ga wani abu."

'Yarsa ce a ƙofar tirelar kaya. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ya ajiye tsumma ya bi ta. Ta jawo ƙofar ta rufe, suka tsaya tsakanin tayoyin da aka jera har rufi, ta ɗora kwamfutar a kan guda uku.

Ta ce ta gaya wa kwamiti na'urar da ke jikin babur ta mutu a haɗarin, kuma ba ƙarya ba ne, ta mutu. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, kafin ta mutu ta riga ta aiko da komai. Tun yammacin ranar abin yake hannunta.

Ta buɗe tsere na farko. Wani koren layi mai nuna matsin birkin gaba, a kwance, sai ya yi tudu uku a jere, ƙarami, matsakaici, babba.

"Wannan hannunka ne."

Ta buɗe na biyu. Tudu uku. Na uku, na huɗu, na bakwai, duk iri ɗaya kamar da hatimi aka buga su. Ta ce har auna tazararsu ta yi, ba ta taɓa canzawa ba. Ta buɗe na goma, canjin farko, kafin ruwa. Tudu uku.

Ta buɗe canji na biyu.

Layin ya tafi a kwance. Babur na tsaye, a kwance. Babur ya tashi, a kwance. Ya yi ta tafiya haka har sakan bakwai, sannan can a bakin allo ga wasu tuddai a cunkushe, kamar an hankaɗa su. Ɗaya. Biyu. Na uku ya fara tashi, layin ya yanke.

"Wannan na Auta ne," ta ce. "Ya kai biyu da rabi."

Baba ya ce ta ƙara girman. Ta ƙara. Ya sunkuya ya duba da kyau, ya ce lallai layin a miƙe yake, da muryar da yake gaya wa baƙo cewa injinsa na shan mai. Ya tsaya yana jiran wani abu ya doke shi a ƙirji. Ba abin da ya zo. Sai ya lura maɓalli ɗaya ya fita daga kwamfutar, ya ce a ransa ya kamata a nemo mata wani.

"To ina hannun ya je?"

"Kawu mai tukunya ya ce zif ka ja masa. Tun ranar yake faɗa."

Nan ramin ya cike. Zif ɗin wuyan rigar Auta ya sauka kamar yatsa biyu, ruwa na gangarawa ciki. Yaron tun yana goye ƙirjinsa ba ya son sanyi, kwana uku na tari ke bin kowane dukan ruwa. Baba ya kai hannun dama ya ja zif ɗin har sama, ya danne bakinsa da babban yatsa, ya daki kujera. Hannun ya yi wani aiki, sai ya koma ya ce wa mai shi an gama.

Ya tambaye ta me ya sa sai yau. Ta ce da ta ɗauka dakatar da Dogo za a yi na kaka ɗaya, ya dawo, magana ta mutu. Jiya ta ji har abada ne. Kuma shekaranjiya ta haɗu da matar Dogo a matakalar asibiti, ta kawo wa Inna, mahaifiyarsu, ruwan zafi a fulas amma ta kasa shiga ɗakin, ta ba nas. Matar ta gaishe ta har da rusunawa, ita kuma ta kasa amsawa. Ta ce ta san in kwamiti ya gano ta ɓoye wannan, nata katin ma ya tafi.

"Ban ce ka faɗa ba, Baba. Ban ce kada ka faɗa ba. Na gaji da riƙewa ni kaɗai ne."

"Kin karya, Uwata?"

"A'a."

"Ki karya."

Ya buɗe ƙofar ya sauka.

Bayan garejin akwai shingen waya, kuma a wancan gefen Dogo yake zaune kan bokitin da ya kifa. Tsawonsa bai kai kafaɗar Baba ba, shi ya sa ma aka sa masa sunan. Shekara goma sha tara suna tare, daga wankin taya ya fara. Tun da aka karɓe katinsa yake bin tirela a tsohuwar motarsa daga fili zuwa fili, ya nemi shinge ya zauna, yana leƙen wanda aka sa a gurbinsa.

Da ganin Baba ya miƙe ya gaishe shi, ya ce sabon nan nasu hura taya yake kamar mai hura ƙwallo, a gaya masa ya rage, kwaltar nan da rana zafi take.

Baba ya riƙe wayar shingen da yatsu.

"Ban matsa ba."

Dogo ya dubi bokitinsa. Ya ɗan tura shi da ƙafa ya daidaita masa zama.

"Na sani, Baba."

Ya ce mai durƙuso a gaban taya ba sai ya ɗaga kai ba. In an matsa, yana jin takalman suna cizon faifan birki a tafin hannunsa. Ranar bai ji ba. Ya ɗago zai yi magana, babur ya riga ya bar wurin.

Baba ya tambaye shi don me ya yi shiru sati biyar ana nuna shi da baki. Dogo ya ce da farko tsoro ne, wa zai yarda da mai taya a kan Baba. Daga baya kuma ya zauna ya yi tunani da kyau. Ya ce har ya rubuta nasa bayanin, yana cikin mota, ya ce tayar ce ta zauna masa a karkace don gaggawa. Ƙarfe biyu zai sa hannu.

"Taya ko ina taya ce. In na kafa faci a bakin titi yarana ba za su kwana da yunwa ba. Kai in aka karɓe katinka me za ka zama?"

Dogo ya ci gaba.

"Sannan ga Inna. Ni bare ne, za ta iya tsanata ta ci abincinta ta yi barci. In kai ne fa? Da wa za ta zauna a gidan?"

"Ƙarya za ka sa wa hannu."

"Kai ma ita ce a aljihunka, Baba."

Can cikin fili aka tada motar farko, ƙarar ta cika wurin. Suka tsaya har ta lafa. Dogo ya sake cewa don Allah a gaya wa yaron can maganar iskar taya. Baba ya ce zai gaya masa, kuma ya gaya masa, sannan ya ɗauki makullin mota.

Filin ƙarshe shi ne na kusa da gida, minti arba'in zuwa asibiti. Baba ya yi su ba rediyo, ya tsaya a kowace jar danja, ya ajiye mota a inda ya saba ajiyewa. Hawa na uku, gado na jikin taga. An maƙala ƙaramar talabijin a bango, tana nuna gwajin motoci ba murya.

Inna na zaune a ƙarshen gado tana shafa wa Auta mai a ƙafa, yatsa bayan yatsa, kamar yadda take yi safe da yamma ko da yake ba ya ji. Ta yi wa Baba faɗan shigowa asibiti da rigar gareji. Ta ce ta ji yau ne zaman, ita dai ba ta yi wa Dogo baki ba, ba kuma za ta yi ba, amma kada ya sake ya zo inda take. Ta goge hannu ta ɗauki takardar magani ta sauka ƙasa karɓowa.

Auta ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya ce ya ji labarin kofi zai zo har nan, a gaya musu su kawo mai faɗin baki, nas ta ce fo ɗinsa ya tsage. Baba ya motsa baki kamar zai yi murmushi. Ya jawo kujera, ya ciro abin yankan farce daga aljihu kamar kowane zuwa, ya ɗauki hannun dama na yaron ya ɗora a gwiwarsa.

Likitoci sun ce Auta ba ya tuna komai na ranar, daga karin safe sai farkawa a gadon nan. Baba ya yanke na babban yatsa. Ya kama manuni. Bai ɗago ba.

"Ban matsa birkin ba, Auta."

A talabijin wata jar mota ta juya sau biyu a kan ciyawa, ta koma hanya. Auta ya bi ta da ido har ta ɓace.

"Zif ka ja mini."

Abin yankan ya tsaya.

Auta ya ce ya gaya wa likitoci bai tuna ba ne don in ya ce ya tuna za a tambaye shi. Ya ce yana tuna komai, har sanyin babban yatsan Baba a wuyansa.

"Yatsuna biyu suna kan mariƙin. Na ce a raina bai matsa ba. Sai na ce a'a, Baba ne, ni ne ban gani ba. Na ce to bari in gwada. Sai na tuna kana tsaye a bakin gareji, kullum kana tsayawa kana kallona har in sha kwana."

Ya dubi hannunsa da ke kan gwiwar Baba.

"Na ce bari in ɗan ƙara nisa, inda ba za ka ga hannuna ba. Sai ga kwana."

Baba ya ci gaba da yanka. Ya shiga da yawa, jini ya ɗan tsattsafo a gefen farcen. Auta ya ce wannan kam ya ji, a rubuta wa likita. Baba ya danne wurin da gefen rigarsa.

"Da ka matsa."

"Da na matsa, me za ka yi?"

Baba ba mutumin da ke amsa tambaya da ka ba ne. Ya tsaya ya duba abin yadda yake duba injin da aka kawo masa, ya ga amsar a fili.

"Da na yi sati ban yi maka magana ba."

"To ka gani."

Wata nas ta shigo ta duba robar ruwa ta fita. Baba ya gama hannun dama ya zagaya ya ɗauki na hagu.

Auta ya tambaya wai ina Yaya Dogo ne, sati biyar ko leƙe, ko tayoyin sun fi shi. Ashe ba wanda ya gaya masa. Baba ya gaya masa, tiryan-tiryan, da katin, da shingen, da bokitin, da abin da za a yi ƙarfe biyu. Ya faɗa kamar mai karanta jerin kayan da za a loda a tirela.

Auta ya janye hannunsa.

Ya ce shi ya yi shiru ne don Baba, ya ɗauka shirun kyauta ne, bai san wani ke ɗauke da shi ba. Baba ya tambaye shi me yake so a yi. Tun da aka haife shi wannan ne karo na farko da ya yi masa irin wannan tambaya.

"Ban taɓa duba aikinka ba, Baba. Ba yau zan fara ba."

Inna ta turo ƙofa da ledar magani. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce lafiya. Baba ya ce lafiya, lokaci ne ya tafi. Ta bi shi har bakin ƙofa, ta kakkaɓe masa wani abu a kafaɗa, ta ce ya sa musu hannun nan a gama, kowa ya huta.

Ya ce to.

Ɗakin kwamiti yana saman garejin motoci, bangonsa ɗaya gilashi ne, ana hango fili. Mutum uku a bayan tebur. Ta tsakiya ita ce shugaba, mace mai furfura, tsohuwar direbar tsere ce, ta san Baba tun gashinsa na baƙi. Mai ƙungiya na gefe yana juya waya. An ba Dogo katin baƙi na awa ɗaya, ya sa riga mai guga, ga bayaninsa a gabansa, ga biro a hannunsa. Can kujerar baya Uwata ce, ta rungume jakar kwamfuta a cinya.

Baba ya shigo biyu da minti shida. Shugaba ta ce ya zauna, bai zauna ba. Ta tambaye shi ko ya zo da ita.

Ya ciro takardar. Wajen buɗewa ta ɗan yage a kan ninki. Ya shimfiɗa ta a tebur, ya goge ta da gefen hannu, filin sa hannun fari fat. Ya cire igiyar katinsa daga wuya, ta maƙale a kunne, ya sa hannu ya fitar da ita, ya ɗora katin a kan takardar.

"Tayar ta zauna daidai. Ni ne ban matsa ba. Hannuna yana wuyan ɗana."

Mota ta wuce a ƙasa, gilashin ya yi rawa. Wata ta bi ta. Baba ya ɗauka in ya faɗa zai ji wani abu ya sauka ko ya hau. Agogon bango kawai ya gani, ya lura yana baya da minti biyu.

Sai Dogo ya yi 'yar dariya, irin wadda ake yi in babba ya yi tuntuɓen magana a gaban baƙi. Ya miƙe ya rusuna wa shugaba. Ya ce a yi wa Baba uzuri, sati biyar ba ya ci ba ya barci, kuma kowa ya san shi ya rene shi a wannan aiki, so yake ya fitar da shi.

"Ni ne a durƙushe gaban tayar, ranki ya daɗe. Na ji ya matsa. Sau uku."

Ya sunkuya ya rattaba hannu a bayaninsa, ya tura shi ya tsaya kusa da katin Baba.

Shugaba ta cire tabarau. Ta dubi takarda mai hannu, ta dubi marar hannu. Ta ce shekara ashirin tana zaman nan, kullum mutane turo wa juna laifi suke, yau ga biyu suna ƙwace. Ta ce ba wanda zai bar ɗakin nan sai an san na wane ne, kuma duk wanda ya zama nasa, ya yi sallama da fili. Sannan ta ɗaga kai ta tsallake su duka biyun da ido.

"Ke, mai kwamfuta. Kin ce mana na'urar ta mutu. Sau ɗaya zan tambaye ki, ki yi tunani kafin ki amsa, don amsar za ta shiga takarda da sunanki. Akwai abin da ta aiko kafin ta mutu?"

Dogo ya waiwaya ya girgiza mata kai, kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gani.

Baba bai waiwaya ba. Bayansa kawai take gani, da rigar gareji, da ɗigon jini a gefenta.

Ta miƙe tsaye da jakar a hannu.

Na ga masu rubuto mini cewa ba uban da zai yi haka, ba ɗan da zai yi haka, wai tsoho ya zauna ya shirya. Ku ba ku taɓa tsayawa a bakin gareji ruwa na dukanku ba. Duk mai ganin ƙarya nake ya zo da baburinsa, kowace rana ya zaɓa. Zan canza masa tayar gaba da hannuna, in ɗora shi, in nuna masa kwana, in tsaya ina kallonsa. In ya cika, ya je ya sha ta bai matsa ba.